Sayen Kwamfutar Tafi-da-Gidanka: Mara Nauyi Ko Mai Ƙarfi?

A da, idan yaro ya sami shiga babbar makaranta, akwati da katifa da littattafan rubutu ake saya masa. Yanzu an ƙara abu ɗaya, kuma ya fi sauran duka tsada. Shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan boko ke kira laftof. Na'ura ce mai ƙwaƙwalwa da ake buɗewa kamar littafi, a rufe ta, a sa cikin jaka.

Ba gayu ne ya kawo wannan ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, sai da kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara haka ga masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yana bukatar kwamfuta don karanta darussa da buga aikinsa na shekarar ƙarshe.

Saboda haka manomin albasa daga Wurno ko Goronyo ya kan sayar da buhuna, wani ma har da sa, ya shigo birni da kuɗin a aljihu. A shago za a ajiye masa kwamfuta iri biyu. Ɗaya siririya ce, ba nauyi. Ɗayar kuma mai kauri ce da faɗin fuska, mai shago ya ce ita ce "mai ƙarfi". Idon yaro ya kan tafi kan mai ƙarfin. Uban kuwa ba shi da abin aunawa sai farashi. Kuɗin shekara guda na noman rani bai kamata a kashe shi a kan zato ba.

Ina bambancin yake?

Duk manomin fadama ya san injin ban ruwa mai inci 2 da mai inci 3. Mai inci 3 ya fi jan ruwa, amma ya fi shan mai, ya fi wuyar ɗauka. Mai ɗan lambu idan ya saye shi, ruwa zai yi masa yawa, kuɗin mai ya cinye ribar. Kwamfuta ma haka take.

Mara nauyi ba ta cika wuce kilo 1 da rabi ba, wato nauyin ledar fiya-wata 3. Faɗin fuskarta inci 13 ne ko 14. Mai ƙarfi ta kan kai kilo 2 da rabi, fuskarta inci 15 zuwa 17. Cajarta kaɗai kamar rabin bulo take. Idan aka haɗa su biyu, an kama kilo 3. Ɗalibin da ke zaune a Gidan Dahala, yana hawan kabu-kabu ko bas zuwa jami'a a Dundaye kullum, kafaɗarsa za ta san wannan bambanci kafin mako ya zagayo.

A cikin kowace kwamfuta akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ya san sunansu. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. Na biyu shi ne ram. Ram kamar tabarmar shanya ce: gwargwadon faɗinta, gwargwadon kayan da za a baza a lokaci guda. Na uku shi ne rumbun ajiya, inda takardu da hotuna ke kwana. Ram da rumbu da gigabait ake auna su, a takarda kuma GB ake rubutawa.

Mai ƙarfi tana da abu na huɗu, wato katin zane, galibi na kamfanin Nvidia. Aikinsa sarrafa hotuna masu motsi da manyan zane-zane. Shi ne ke ƙara mata kuɗi, shi ne kuma ke sa ta shan wuta da ɗaukar zafi.

Wuta ce ke yanke hukunci

A nan maganar take, kuma mai shago ba ya cika ɗago ta ba.

Cajar mara nauyi ta kan sha wat 45 zuwa 65. Kusan daidai take da tsohon ƙwan lantarki guda mai wat 60. Cajar mai ƙarfi ta kan sha wat 150 zuwa 230, wata ma fiye. Ƙwai uku ko huɗu ke nan a kunne lokaci guda.

Idan an ɗauke wuta, batir ne zai ci gaba da aiki. Mara nauyi mai lafiyayyen batir ta kan yi awa 7 zuwa 10 ana karatu ko rubutu. Mai ƙarfi ta kan yi awa 3 ko 4. Idan aka sa ta babban aiki, da ƙyar ta kai awa 2. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Da zarar an zare mai ƙarfi daga soket, ita da kanta take rage gudu, domin batirinta ba zai iya ciyar da furosesa da katin zane yadda suke so ba. Ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa sai da wutar bango yake fitowa. Wanda ya saye ta ya kai ƙauyen da babu wuta, ya sayi doki ne ya ɗaure a turke.

Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke ba jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara wuta. A tsarin ƙasa, an kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. 'Yan rukunin A an ƙayyade musu awa 20 a rana, 'yan rukunin E kuwa awa 4. Ƙauyuka da yawa ko turakun ba su iso ba. Kafin a tambayi ƙarfin kwamfuta, sai a fara tambaya: ɗakin da yaron zai kwana, awa nawa yake samun wuta?

Janareto ba mafita ba ne mai sauƙi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareto don kwamfuta guda ya zama asara. Mara nauyi kuwa ƙaramar sola ta ishe ta, irin mai faranti ɗaya da batir da ake sawa a gidaje da shagunan cajin waya. Wasu na yanzu ma bakin cajarsu irin na sababbin wayoyi ne, ana iya cika su da babban fawa-banki mai ba da wat 45 ko 65. Amma ba kowane fawa-banki ke iyawa ba, sai an duba abin da aka rubuta a jikinsa.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta su kan rubuta cewa a yi aiki da ita inda zafi bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato kuwa, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi ya kan haura 40. Ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ba a magana.

Mai ƙarfi ta fi haifar da zafi daga cikinta, shi ya sa ake sa mata fanka biyu. Fankar na zuƙo iska daga ƙasa ta fitar ta gefe ko ta baya. Da hunturu, ƙura take zuƙowa tare da iskar. Ƙurar ta taru ta toshe hanya, fanka ta riƙa kuka, kwamfuta ta riƙa sanyin jiki, wani lokaci ta mutu ana tsakiyar aiki. Zafi kuma shi ne babban makashin batir, na kwamfuta da na waya duka.

Ko wace iri aka saya, kada a ɗora ta kan katifa ko filo ko dardumar ɗaki, domin ramukan iskarta na ƙasa. A ɗora ta kan tebur, ko kan katako, ko faranti mai faɗi. Bayan hunturu a kai ta wurin mai gyara ya bushe ƙurar.

To, wa ya kamata ya sayi mai ƙarfi?

Akwai su, amma ba su da yawa. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine da ya kai matakin aiki da manhaja irin su AutoCAD. Mai ɗaukar bidiyon biki da suna yana tacewa. Mai shagon buga alluna da fastoci. Waɗannan lokaci kuɗi ne a wurinsu, aikin da mara nauyi za ta kwana tana yi, mai ƙarfi za ta gama shi kafin la'asar. Su ma sai sun tanadi wuta tukuna. Kuma ɗan aji ɗaya a jami'a, ko da injiniya yake karantawa, darussansa na farko lissafi ne da kimiyya. Ana iya jira ya tambayi malamansa da na gaba da shi.

Sauran jama'a aikinsu rubutu ne, da lissafin shago ko na ƙungiyar manoma, da cika fom ta intanet, da karanta littattafai, da kallon darasi. Malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibitin ƙauye, da ɗalibin shari'a ko Larabci ko aikin gona, duk a nan suke. Ram mai GB 8 da rumbu mai GB 256 sun ishe su. Mai shirin JAMB ma ko nan bai kai ba. A cibiyar jarrabawa kwamfutar hukuma zai tarar, abin da ake so kawai hannunsa ya saba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya.

Wani lokaci yaro ya kan nace sai mai ƙarfi, alhali wasan ƙwallo na kwamfuta ne a ransa. Ba laifi uba ya tambaya a hankali: "Wane aiki ne malaminku ya ce ƙaramar ba za ta yi ba?"

Mara nauyi ma tana da nata aibin

Ba duk siririya ce ta kirki ba. Akwai masu araha ƙwarai, sababbi fil a kwali, masu furosesa Celeron da ram GB 4 da rumbu GB 32 ko 64. Suna da kyan gani, amma shafi uku aka buɗe sai su fara ja da ƙafa, rumbun kuma ya cika tun ba a ajiye komai ba. Akwai kuma Chromebook, wadda yawancin aikinta sai da intanet, manhajojin Windows kuma ba sa hawa kanta. Sannan a cikin sirara da yawa an like ram ɗin da dalma, ba a iya ƙara shi daga baya.

Shi ya sa masu gyara suka fi yabon matsakaita, irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis: HP EliteBook, da Dell Latitude, da Lenovo ThinkPad, masu inci 14. Nauyinsu kilo 1 da rabi ne ko ɗan fiye. Jikinsu na jure wahala. 'Yan kwatano ne suka fi yawa a kasuwa, kuma batirinsu da cajarsu da madannansu ba su da wuyar samu. Idan babu a Sakkwato, ana aikowa daga Kano ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Yadda ake karanta lambar furosesa

Mai shago ya kan ce, "Alhaji, wannan i7 ce," kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Tsohon doki ma doki ne. A nemi ya nuna cikakkiyar lambar a fuskar kwamfutar, ba takardar da aka manna ba.

Ga misali: Core i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce zubi. Wannan zubi na 8 ne, ya fito a 2017. Idan lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, ta fi sabunta. Idan ta fara da 3 ko 4, ta shekarar 2012 ko 2013 ce. Wannan i5 ta zubi na 8 ta fi i7-4600U ta 2013 sauri, duk da sunan waccan ya fi cika baki.

Harafin ƙarshe shi ma yana magana. U na nufin mai tattalin wuta, an ƙera ta a kan wat 15. H na nufin mai ƙarfi, a kan wat 45. Furosesar Ryzen ta kamfanin AMD ma da waɗannan haruffa take amfani. Wanda ya iya gane U da H, ya iya raba mara nauyi da mai ƙarfi ko da mai shago bai ce komai ba.

Zubi na 8 yana da wani muhimmanci. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Kwamfutar da ta gaza haka za ta ci gaba da kunnuwa, amma ta fi zama cikin haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ɓarayin intanet.

Rumbu kuma iri biyu ne. Tsohon yayi, HDD, faifai ne ke juyawa a ciki. Gargadar hanya a kan babur ko faɗuwa ɗaya tana iya lalata shi da duk abin da ke ciki. Sabon yayi, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi tattalin batir. SSD mai GB 256 ya fi wa ɗalibi amfani a kan HDD mai GB 500.

Kafin a ƙirga kuɗi

Farashin kwamfuta dala yake bi, na wannan wata ba shi ne na wancan ba. A zaga shago uku ko huɗu, a tafi da wanda ya san abin, wanda kuma ba shi da la'ada a cinikin.

Idan 'yar kwatano ce, batir ne abin dubawa na farko. A sa mai shago ya zare caja, a kunna bidiyo, a zauna rabin awa ana kallon lambar batir. Idan ta sauka daga 100 zuwa 70, batirin ya gaji, sai a rage kuɗin sabo daga farashi. A danna kowane harafi a ga yana fitowa. A duba fuska ko akwai zane ko baƙin ɗigo. A buɗe ta a rufe, a ji ko maƙallin murfin na ƙara. A kashe ta a sake kunnawa, kada ta nemi kalmar sirri ta wani kamfani ko wata makaranta ta ƙasar waje, domin irin wannan kullen ba kowane mai gyara ke iya cire shi ba.

A ƙarƙashin kowace kwamfuta akwai lambarta ta musamman. A sa mai shago ya rubuta wannan lamba a rasit, tare da kwanan wata da yawan kwanakin da ya yarda a mayar idan ta ba da matsala. Rasit ɗin ya zauna a gida wurin uba, kada a sa shi jaka ɗaya da kwamfutar.