Tarkwa Bay: Wanda Ya Tare Ruwa, Ya Tare Yashi

Duk wanda ya tashi a Unguwar Rogo ya san wasan da muke yi da damina. Da an ɗauke ruwa sai mu fito lungu, mu tara ƙasa da duwatsu mu tare kwata. Nan da nan yashi ya taru a bayan ɗan shingenmu, ruwan kuma ya karkata ya fara cin gindin katangar maƙwabci. Abin da ya faru ke nan a bakin tekun Legas, sai dai na can aikin manya ne, kuma sama da shekara 100 ana ɗanɗana kuɗarsa.

A da, manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga tashar Legas saboda tudun yashi da ke toshe mashigarta. Daga wajejen 1908 Turawan mulkin mallaka suka riƙa ɗauko duwatsu a jirgin ƙasa daga Abekuta, suka gina dogayen shingaye har cikin teku. Hanya ta buɗe wa jirage. A tsakanin shingayen ɓangaren yamma kuma aka sami wani lungun ruwa da igiya ba ta da ƙarfi, yashi ya kwanta a bakinsa. Shi ne Tarkwa Bay, wurin shaƙatawa da har yau sai a jirgin ruwa ake zuwa.

To ina matsalar take? A gaɓar Legas, igiyar teku tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da shingayen suka tsaya a hanya, sai yashi ya taru a yamma, gaɓar can ta yi ta faɗi. Bar Beach da ke gabas kuwa ta daina samun sabon yashi, alhali igiya ba ta daina kwashe wanda take da shi ba. Teku ya yi ta cin ƙasa har ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Daga baya sai da aka gina wata ƙatuwar katangar duwatsu, aka cike bayanta da yashi, inda ake gina birnin Eko Atlantic.

Akwai kuma wata katangar da Allah ya halitta, ba ta bukatar siminti: itatuwan mangurof da ke tsiro cikin taɓo a rafukan bayan gaɓa, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Saiwoyinsu a waje suke, kamar ƙafafu, domin taɓon ba shi da isasshiyar iska. Saiwoyin nan suna riƙe laka, suna karya ƙarfin igiya, kuma a cikinsu ƙananan kifaye da kaguwa da jatan lande ke ɓuya har su girma. Dajin mangurof mafi girma a Afirka a ƙasarmu yake, a yankin Neja Delta. Amma ana sare shi don itacen girki, ana cike wurinsa don gini, malalar ɗanyen mai tana kashe shi. Idan ya tafi, kifi ya ragu, masunci ya rasa abin yi.

Kada mu ce wannan labarin mutanen kudu ne. Gulbin Rima da ke gefen garinmu yana haɗuwa da Kogin Sakkwato, su zuba a Kogin Kwara, shi kuma ya dangana da teku ta cikin dajin mangurof ɗin nan. Mu ma muna da shingayenmu. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta ba wasu manoma ruwan rani, amma fadamun da ke ƙasa da ita sun rasa wani kaso na ambaliyar da ke kawo musu danshi da laka mai taki.

Cikinmu akwai injiniyoyin gobe, da masu sa hannu a kan kwangila. Kafin a ɗora dutse na farko a bakin ruwa, tambayar da za mu saba yi ita ce: wane ne ke ƙasa da mu, kuma me zai rasa?

Ga aikin wannan mako. Mu sami faranti mai faɗi, mu tara yashi a gefe guda, mu zuba ruwa, mu riƙa kaɗa shi a karkace da murfin kwano. Sai mu gitta ɗan katako daga yashin zuwa ruwan, mu ci gaba da kaɗawa. Mu lura da gefen da ya cika da wanda ya zaizaye, mu zana abin da muka gani mu kai wa malamin labarin ƙasa.