Hunturu Da Ƙwayar Hawan Jinin Da Dattawa Ke Ajiyewa

Duk shekara, da zarar hazo ya lulluɓe duwatsun Kagoro, sai wata tsohuwar magana ta sake tashi a majalisun dattawan Kafanchan, musamman 'yan fansho. Wai maganin hawan jini tarko ne, wanda ya fara ba ya rabuwa da shi, kuma shi ne ke cinye ƙoda. Yanzu WhatsApp ya ƙara wa maganar ƙafa, har da shawarar a ajiye ƙwaya a koma wa citta da tafarnuwa da zoɓo. A yankin da cittar Kachia da ta Kwoi ta yi suna har ƙasashen waje, wannan shawara tana da daɗin ji, kuma nan ne haɗarinta yake.

Rabin maganar gaskiya ne: yawancin masu hawan jini za su ci gaba da shan magani iya rayuwarsu. Kuskuren yana wajen fassarar dalilin. Mun saba da zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha wa magani kwana uku a sallame shi, shi ya sa muke auna kowace cuta da wannan mudu. Hawan jini kuwa hali ne da jijiyoyin jini suka shiga, sun yi tauri sun ƙuntata, galibi saboda shekaru da gado da gishiri. Ƙwayar tana sassauta su na kamar yini guda ne, gobe sai an sake. Mai tabarau yana gani garau, amma idan ya cire, dishi-dishin nan yana jiransa, kuma ba wanda zai ce tabarau ne ya kama shi. Katangar da ta karkata aka tokare ta da gwafa tana tsaye ne saboda gwafar. Tsoffin ma'aikatan reluwe, waɗanda garin nan ya girma a kan guminsu tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, sun fi kowa sanin cewa ba a daina duba layi don an shekara jirgi bai kauce ba. To, idan awo ya nuna jini ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, shaida ce cewa maganin yana aiki, kuma daidai lokacin ne mutane ke cewa sun warke.

Wani zai ce: ai jikina yana gaya mini, idan jinin ya hau kaina yana sarawa. Ina ma haka ne. Yawancin masu wannan cuta ba sa jin komai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan biliyan 1.3 ke ɗauke da ita, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Batun ƙoda kuwa an juya shi ne kai ƙasa. Ƙoda cike take da ƙananan jijiyoyi masu tace jini, kamar rariya mai laushi, kuma matsin jinin da aka bari shekara da shekaru shi ke yayyaga ta. Sau da yawa mutum ba ya fara shan magani sai ɓarnar ta yi nisa, idan ƙodar ta gaza sai a ɗora wa ƙwayar da ta zo a makare laifi. Gaskiya ne wasu magungunan suna bukatar a riƙa gwada jini lokaci-lokaci, wasu na kawo tari ko kumburin ƙafa. Wannan dalili ne na komawa wurin likita ya canza wani, don magungunan iri-iri ne.

Abin da ya sa maganar ta fi tayar da hankali a lokacin hunturu shi ne sanyi da kansa yana tsuke jijiyoyi, kamar yadda ake matse bakin tiyo ruwa ya ƙara ƙarfi. Ga ciwon gaɓoɓi da ke tashi da hunturu, dattijo ya aiki jika kemis ya sayo Diclofenac ko Ibuprofen, waɗanda ke ɗaga jini kuma su ne ainihin masu wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna ɗaga shi. Ga bukukuwan ƙarshen shekara, daga Kirsimeti zuwa Afan na ranar 1 ga Janairu, da miya mai gishiri da dunƙule da kanwa, alhali abin da aka ƙayyade wa babba bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage jini, ba a musu, amma ba shi da ma'auni, kuma ba zai riƙe jinin da ya kai 180 ba. Idan ɓarin jiki ya shanye da asuba, sai a ce iska ce ta buge shi, a ɓata awannin farko, masu matuƙar tsada, ana shafe-shafe da hayaƙi. Bakin da ya karkace, hannun da ya saki, harshen da ya harɗe, duk na asibiti ne nan take.

Sai dai rashin adalci ne a ɗora komai a kan jahilci. Dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35 yakan raba ƙwaya biyu ko ya tsallake kwana ne saboda fansho bai shigo ba, ko giratuti na nan ana jira, farashin magani kuwa ya ninka. Jita-jitar tana ba shi abin fakewa ne don kada ya ce wa 'ya'yansa ba shi da kuɗi. 'Ya'yan da ke Kaduna da Abuja, masu aiko da shadda da buhun shinkafa lokacin biki, da za su haɗa da maganin wata uku da na'urar awo ta hannu da sun fi kyautawa. An mayar da asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya a 2025, abin a yaba ne, amma wanda ke Godogodo ko Zonkwa bai kamata ya biya kuɗin mota don awon minti biyu ba. Hukumomin fansho sun iya tara tsofaffi a layi don tantance cewa suna raye. A teburin tantancewar dai akwai wurin da za a ajiye ma'aikaciyar jinya guda da na'urar awon jini.