Intanet na fibar: me ke rage masa gudu, kuma ina ya kamata a fara dubawa?

A Yamai da Maraɗi da Damagaram, ma'aikatu da shaguna da gidaje sai ƙara jona intanet na fibar optik suke yi. Mutum ya biya kuɗin wata, an yi masa alkawarin mega 100, amma bidiyo na tsayawa, takarda ta ƙi tafiya. Nan take sai a ɗora wa kamfani laifi. Wani lokaci laifin nasa ne. Sai dai sau da yawa matsalar tana cikin ɗaki, tsakanin bango da kwamfuta, kuma wanda ya san inda zai duba ya huta da jiran teknisiye kwana da kwanaki.

Yadda fibar ke aiki

Fibar zare ne na gilashi. Haske ne ke bi ta cikinsa, ba wutar lantarki ba. Kaurin gilashin mikron 125 ne, bai fi silin gashi da yawa ba, hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa kuma mikron 9 ce kacal. Ƙwayar ƙura guda na iya tare ta. Zaren yana ƙarewa ne a wani ɗan akwati da masu aikin ke kira ONT, jama'a kuma suna ce masa modam. Shi ke mayar da hasken ya zama intanet ɗin da salula da kwamfuta ke amfani da shi.

A tsarin GPON, wanda aka fi kai wa gidaje, zare ɗaya ne ke fitowa daga kamfani ɗauke da kimanin giga 2,5, a raba shi ga gidaje har 32 ko 64. Shi ya sa gudun kan iya raguwa bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau.

Kawunan jonawa: kore daban, shuɗi daban

A ƙarshen zaren akwai kan da ake sokawa a modam. Wanda aka fi gani a gida shi ne SC, mai kusurwa huɗu, ana tura shi har a ji ya ce ƙas. LC rabinsa ne a girma, yana da ɗan maƙalli, an fi samunsa a manyan na'urorin bankuna da ma'aikatu. ST ana murɗa shi ne kamar ƙwan fitila, FC kuma ana ɗaure shi kamar noti. Waɗannan biyun sai a tsofaffin kayan aiki da na'urorin gwaji.

Launin kan ba ado ba ne. Kore, wato APC, an goge bakinsa a karkace da digiri 8. Shuɗi, wato UPC, bakinsa ba a karkace yake ba. Dukansu suna shiga rami ɗaya, nan ne mutane ke ruɗewa. In aka haɗa kore da shuɗi, bakunan ba sa mannewa, haske ya zube, gilashin ma na iya gurzuwa. Duk wanda zai sayi sabuwar igiyar fibar a kasuwa, ya tafi da tsohuwar a hannu.

Abin da za a duba, bi da bi

Na farko, fitilun modam. In fitilar LOS ta yi ja, haske ba ya isowa ko kaɗan: ko zare ya tsinke, ko kan ya fita. In kan yana zaune daram, sai a kira kamfani.

Na biyu, igiyar fibar kanta. Ba ta son lanƙwasa mai tsanani. Kada a ƙulla ta, kada ƙofa ko ƙafar tebur ta danne ta. Ɓeraye ma suna gwiguyar ta.

Na uku, ƙura. A ƙasarmu, musamman da hunturu, kan da aka cire aka ajiye ba marfi yana ɗaukar datti nan da nan. Kada a taɓa bakinsa da yatsa, kada a hura masa iska da baki, kada a goge shi da bakin riga. Teknisiye yana da abin gogewa na musamman. Kuma kada a kuskura a leƙa bakin zaren: haskensa ba ya ganuwa, amma yana iya cutar da ido.

Na huɗu, igiyar da ta taso daga modam zuwa kwamfuta. Wayoyi 8 ne a cikinta. Gudun giga ɗaya yana bukatar dukansu, mega 100 kuma 4 sun ishe shi. In waya ɗaya ta tsinke, sau da yawa na'urar takan koma mega 100 ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Wanda ya biya mega 200 amma gwaji kullum yana tsayawa wajen 94, ya canza igiyar da Cat5e ko Cat6, ya kuma duba ko ramin kwamfutar na ɗaukar giga.

Na biyar, wifi. Yawancin modam na yanzu suna da rezo biyu: 2,4 GHz mai zuwa nesa amma a hankali, da 5 GHz mai sauri amma bangon siminti da ƙofar ƙarfe na rage masa ƙarfi. Gwajin gaskiya shi ne a jona kwamfuta da igiya, a cire sauran salula daga wifi, a gwada da safe, a sake da dare.

Akwai kuma ruɗanin lissafi. Kamfani na sayarwa da megabit, kwamfuta kuma takan nuna megabayit lokacin sauke fayil. Bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Mai mega 100 da ya ga 12 a allo, ba a cuce shi ba.

In matsalar ta fi ƙarfin gida

Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinmu yana biyowa ne ta ƙasashe maƙwabta kamar Benin da Najeriya kafin ya kai ga manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyin WACS da ACE da SAT-3 da MainOne sun lalace a tekun Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga matsalar intanet. A irin wannan rana, sauya igiya a ɗaki ba ya maganin komai. A tambayi maƙwabta: in kowa na kuka, sai haƙuri.

In kuwa teknisiye ya zo, a nemi ya auna ƙarfin hasken da ke isowa modam. A tsarin GPON, ana son ya kasance tsakanin -8 da -27 dBm. In ya kusa -27 ko ya wuce, akwai datti, ko lanƙwasa, ko mummunan haɗi a hanya. A rubuta lambar da ya samu, tare da sakamakon gwajin safe da na dare. Da su ne za a je wa kamfani da hujja.