Asibitin Yara Na Buƙatar Bishiya Tun Daga Zanen Gini

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a ƙananan hukumomin Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa na jihar Jigawa kan haura digiri 40. A wannan lokacin ne kuma sanƙarau da ƙyanda suka fi yawaita, ɗakunan kwanciyar yara su cika. Ginin bulo mai rufin kwano yana shan rana tun hantsi, ya riƙe zafin har dare ya raba, wutar da za ta juya fanka kuwa ba kullum ake samunta ba. Yaro ya fi babba saurin galabaita, domin ruwan jikinsa na saurin ƙarewa, balle in yana fama da zazzaɓi ko gudawa. Shi ya sa za ka ga uwa ta goya ɗanta ta fita neman gindin darbejiya, ta shimfiɗa tabarma, sai an kira ta allura ta koma ciki.

Uwar nan ta san abin da take yi. Bishiya tana tare rana kafin ta sauka a kan bango da kwano. Tana kuma jawo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, ruwan ya tashi da wani ɓangare na zafin wurin, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwan da ke cikinta. Bangon yamma ya fi kowane shan wuya, don shi ke karɓar ranar azahar zuwa la'asar, saboda haka can ya kamata a fara jera itatuwa. Da hunturu kuma jerin itatuwa a gefen da iska ke fitowa yana rage ƙarfin iska da ƙurar da ke tayar wa yara tari.

Amfanin bai tsaya ga sanyi ba. A 1984 wani masani a Amurka, Roger Ulrich, ya buga bincike a mujallar Science kan mutum 46 da aka yi wa tiyatar cire jakar ɗaci a wani asibiti a jihar Pensilbaniya. Rabinsu tagarsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga sauran komawa gida da kusan kwana guda, kuma sun nemi maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi ƙasa da sauran. Manya aka bincika, kuma ba su da yawa, amma aikin ya sa masu zanen asibiti suka fara tambayar abin da majinyaci ke gani daga gadonsa. Asibitin yara na Alder Hey da ke Libaful a Ingila, wanda ya koma sabon gininsa a 2015, an gina shi a gefen lambun shaƙatawa bayan an ji ra'ayin yaran kansu.

Wani zai ce wannan harkar masu kuɗi ce. To, a dubi Entebe a Yuganda. A 2021 ƙungiyar EMERGENCY ta ƙasar Italiya ta buɗe asibitin tiyatar yara mai gado 72, wanda Renzo Piano ya zana. Da jar ƙasar wurin aka daddaɓe bangonsa, ɗakuna na kallon lambu, an dasa ɗaruruwan itatuwa, kuma kyauta ake duba yara. Ƙasa da itace ba baƙi ba ne a masarautar Gumel. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne sanya su cikin lissafi tun farko. Sau da yawa ɗan kwangila kan fara da sare duk abin da ya tarar a fili, ya mamaye harabar da siminti, ranar buɗewa a kawo furanni a tukwane, su bushe kafin wata ya kama.

Ba kowace shuka ce ta dace da inda yara ke rarrafe ba, kuma a nan ne aikin ke son natsuwa. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari, tana ba da inuwa a bazara, sai dai saiwarta kan fasa daɓe, don haka a nisanta ta da tushen gini da bututun ruwa. Gawo abin sha'awa ne, yana fitar da ganye da rani ya zubar da damina, amma yana da ƙaya, gefen shinge ya fi dacewa da shi. Tsamiya tana jan lokaci, amma jikoki ma za su sha inuwarta. Zogale a bayan ɗakin girki zai ƙara wa abincin masu jinya amfani, ko da yake ba ya maye gurbin abincin musamman da ake ba yaro mai tamowa. Tumfafiya, zaƙami, zurman da bini-da-zugu kuwa, a tumɓuke su duk inda suka fito, guba ce ga yaron da komai ya samu baki yake kaiwa. Kada a bar ruwa ya kwanta a gindin shuka ya haifi sauro, kada a bar duhuwar da maciji zai laɓe. Tukunyar shuka ma ba ta shiga ɗakin jarirai da na yaran da garkuwar jikinsu ta yi rauni, saboda ƙwayoyin cuta da ke cikin ƙasar.

Dasawa ba ta da wuya, rainon ne aiki. Dashe a yashin arewacin Jigawa yana buƙatar ban ruwa da rani na shekara biyu ko uku, da keji da zai hana awaki ci. Ruwan alwala da na wanke hannu ya isa ya rayar da da yawa in an yi masa hanya, ban da ruwan ɗakin gwaji da na wankin majinyata.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta yaƙi da kwararowar hamada, wato harkar renon dashe ba sabuwa ba ce a nan. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da ke Dutse da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu da su rubuta itatuwa, keji da kuɗin ban ruwa cikin takardar kwangilar duk ɗakin yara da za a gina ko a gyara, su kuma hana sare bishiyar da aka tarar a fili. Kwamitocin unguwa da masu unguwanni kuma, ku fara da bangon yamma na asibitin garinku a daminar bana.