Kalma Ɗaya, Ma'ana Da Yawa: Mene Ne "Cork"?

Da yawanmu mun fara jin kalmar "cork" a wurin mai sayar da lemon kwalba, inda ake kiran marfin ƙarfen nan mai haƙora da wannan suna. A nan saninmu ya tsaya. Sai ranar jarrabawa mu gamu da ita a takardar Ingilishi ko ta bayoloji, mu ga marfin lemo bai dace da jimlar ba, maki ya tafi a banza. Shi ya sa wannan makon muka bi sawun kalmar har tushenta.

Asalin cork ɓawon wata bishiya ne da ke tsirowa a Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Fotugal kaɗai ke samar da kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi. Ba a sare bishiyar, ɓawon kawai ake ɓarewa. Ana fara ɓara ne idan ta kai kimanin shekara 25, daga nan sai duk bayan shekara 9, kuma takan rayu har shekara 200.

Ɓawon ba shi da nauyi, ruwa ba ya ratsa shi, in an matsa shi kuma yakan koma yadda yake. Don haka aka daɗe ana yanka shi ana toshe bakin kwalba. Ga ma'ana ta biyu ke nan: matoshin kwalba. Daga ita aka sami "to cork", wato toshewa, da "uncork", wato cire matoshi, da "corkscrew", murɗaɗɗen ƙarfen da ake zaro matoshin da shi.

To, ina marfin lemo ya shigo? A 1892 wani Ba'amurke mai suna William Painter ya yi rajistar marfin ƙarfe mai kama da kambin sarauta, wanda aka shimfiɗa wa siririn cork a ciki don kada iska ta fita. Aka kira shi "crown cork". Yau roba ta maye gurbin ɓawon, amma sunan ya zauna.

'Yan ajin kimiyya, ga naku. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya wallafa abin da ya gani da ya duba siririn yankin cork a madubin ƙara girman abu: ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya kira su "cells", sunan da har yau ake kiran ƙwayoyin halitta da shi. Ɗakunan matattu ne cike da iska, shi ya sa cork ke yawo a kan ruwa. Idan kuma kun ga "cork cambium", ana nufin sashen jikin bishiya da ke ƙera wannan ɓawo.

Saura guda ɗaya. Cork da babban baƙi birni ne a bakin kogin Lee, na biyu a girma a Jamhuriyar Ayalan. Kama da wane ba ta wane: sunansa ya fito ne daga kalmar harshen ƙasar mai nufin fadama, babu ruwansa da bishiya.

Saboda haka, idan muka buɗe ƙamus, kada mu ɗauki ma'anar farko mu rufe. Mu karanta duka, sannan mu koma ga jimlar mu ga wacce ta zauna daidai.