Ma'aunin Zafi a Bakin Tukuba

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna da almuru ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri, unguwar da masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta raya a da, ko ya bi ta Barnawa har Sabon Tasha, ba zai rasa ganin masu tsire a bakin tukuba ba, suna juya tsinkaye bisa garwashi, ba su da wani mizani face ido da ɗan yatsa. A sha'anin tsire kuwa suna da hujja, domin nama ne da aka fere shi sirara, wuta na ratsa shi nan da nan, zahirinsa da baɗininsa duk ɗaya. Amma gasasshiyar kaza da ƙatuwar tsokar balangu hukuncinsu daban ne, saboda sau da yawa fata kan yi ja, har ta soma ƙonewa, alhali can gindin cinya, kusa da ƙashi, akwai sauran jini-jini, inda ƙwayar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi take zaune lafiya lau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, hukumar aikin gona ta Amurka kuma ta ƙayyade 74 ga kaza, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga dunƙulen naman sa, bisa sharaɗin a bar shi ya huta minti 3 bayan an sauke. Ido ba ya karanta waɗannan adadai, sai ma'aunin zafi.

Wanda ya yi niyyar saye, ya sani iri-iri ne. Na asibiti, wanda ake sa wa yaro a hammata, iyakarsa wajen digiri 42, ba ruwansa da girki. Mai kama da bindiga, wanda jama'a suka saba gani a ƙofar banki zamanin korona a 2020, bayan abu kaɗai yake aunawa, don haka ko an sami irinsa na girki, zafin kasko zai faɗa, ba cikin nama ba. Mai fuskar agogo ba ya buƙatar batir, wannan fa'ida ce babba, illa dai yana da nawa, kuma sai an cusa tsinkensa kimanin santimita 5 kafin ya faɗi gaskiya. A ganina mai nuna lambobi, mai siririn tsinken ƙarfe, shi ya fi cancanta, domin da tsininsa yake aunawa cikin 'yan daƙiƙoƙi; in kuma ya kai digiri 200, ya wadatar har ga mai tuyar ƙosai.

Kada a amince da shi sai an jarraba. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, a tsoma shi, wajibi ne ya nuna sifiri. A tafasasshen ruwa kuwa, kada mai saye ya zargi ɗan kasuwa da algus in ya ga 98 maimakon 100, domin Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku.

Wajen aunawa a soka shi inda tsoka ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi, sannan a wanke tsinken da sabulu kafin a kai shi ga wani naman.