Idan aiki ya zama jaraba: ma'aikacin da ya kasa tashi daga ofis

Ƙarfe 4 na yamma ne lokacin tashi a ma'aikatun Gwamnatin Tarayya, amma wanda ya bi ta Sakatariyar Tarayya a Abuja bayan isha'i zai hangi tagogi da fitilu a kunne. Wasu suna jiran cunkoson hanyar Nyanya da Mararraba ya lafa. Wasu mai gidansu ne bai tashi ba, hadimi kuwa ba ya riga minista fita. Akwai kuma waɗanda babu mai tsare su, su ne dai ba sa iya tafiya.

Waɗannan na ƙarshe su ne masana halayyar ɗan Adam ke cewa jarabar aiki ta kama. Wani Ba'amurke, Wayne Oates, ya yaɗa batun a littafinsa na 1971, inda ya kwatanta halin da na mashayin giya. Yawan sa'o'i kaɗai ba ya nuna ta. Abin dubawa shi ne yadda mutum ke ji idan aikin ya yanke: ranar Asabar ta zo ya rasa sukuni, yana kan tabarmar cin abinci hannunsa na kan WhatsApp, iyali sun yi ƙorafi ya toshe kunne, ya daina zuwa biki da ta'aziyya. Sau da yawa wata damuwa yake gudu, fayil ya zame masa mafaka.

Abin da ke wahalar da ganewa a aikin gwamnati shi ne jarabar tana jawo yabo. Mashayi ana yi masa faɗa, wannan kuwa “jajirtacce” ake ce masa, a ƙara masa lodi. Jiki ne ke biyan bashin. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Magani ba barin aiki ba ne, musamman a wannan tsadar rayuwa. Farkonsa mutum ya rubuta sa'o'in da ya yi na mako biyu, ya ware waɗanda aka tilasta masa daga waɗanda ya ɗora wa kansa. Lissafin kan ba mutum kunya. Sai hutun shekara, wanda Dokokin Aikin Gwamnati suka ba manyan ma'aikata kwana 30, da yawa kuma ba sa taɓa shi don tsoron a saba da rashinsu. A karɓe shi, a miƙa fayil ga na ƙasa da rubutaccen bayani.

Hadimi ba zai iya kashe waya ba, amma zai iya tsara karɓa-karɓar dare da abokan aikinsa. Kwanakin farko na hutu kan zo da ƙunci da rashin barci. Idan hakan ya wuce makonni, sai a ga likitan ƙwaƙwalwa, a kuma auna hawan jini a tafiya ɗaya.